Yadda ake gano matsalar na'urar riƙe gudu a babur bayan an canza makunni

Na'urar riƙe gudu, wadda masu manyan babura ke kira kurus, ita ce ke riƙe maka totur a kan gudun da ka zaɓa domin hannun dama ya huta a doguwar tafiya. Ana samun ta a irin su Honda Gold Wing, Africa Twin 1100, Yamaha FJR1300 daga 2013, Super Ténéré, BMW RT da GS, da manyan Harley-Davidson na tafiya. Ƙorafin da aka fi kawowa shi ne an canza makunni ɗaya, na birki ko na kuloci ko gidan maɓallan hannu gaba ɗaya, an ɗaure komai, an hau titi, an danna SET, maɓallin kama gudu, babur ya ƙi kamawa.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka taɓa sukudireba. An gina na'urar nan ne a kan ta saki totur da zarar ta ji alamar birki, ko kuloci, ko an murɗa totur baya, wato ta ɓangaren rage wuta. Idan ɗaya daga cikin makunnan nan yana gaya mata ƙarya cewa hannunka na kan birki, ba za ta kama ba ko da lafiyarta ƙalau. Saboda haka da wuya a ce na'urar ce ta mutu. Laifin yana wurin da hannu ya taɓa, kuma daga nan ake farawa. Kada ka sayi komai sai ka gama bin matakan nan.

Kayan aiki

Mita ta auna wuta, mai auna bolt da om, wadda take ƙara idan waya ta haɗu. Sukudireba mai baki huɗu da mai faɗi, saitin alanki, da makullan Torx idan babur ɗin BMW ne ko Harley. Ƙaramar fulaya mai dogon baki. Allura ko fil guda biyu. Feshin wanke soket na kayan lantarki. Tef na wayarin. Tocila. Fiyus na ajiya masu lamba ɗaya da na babur. Ɗan guntun kwali mai kauri kamar milimita 4. Zanen wayarin na babur ɗinka, na shekararsa, domin launin wayoyi yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Sai tsohon makunnin da ka cire. Kada ka yar da shi, domin shi ne abin gwadawa.

Idan babu mita, ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12 da aka ɗaura wa waya biyu zai yi maka aikin gwada makunnin birki da fiyus. Amma kada ka kai shi kan siraran wayoyin da ke shiga ƙwaƙwalwar babur, wato kwamfutarsa, ko wayoyin sansar totur masu bolt 5. Yana jan wutar da ta fi ƙarfinsu.

1. Kalli abin da fitilar ke faɗa

Kunna babur, danna maɓallin kunna kurus, ka dubi allon gudu na babur. Yawancin babura suna nuna fitila iri biyu: ɗaya ta shiri, galibi ruwan lemo, ɗaya ta kamawa, galibi koriya ko mai rubutun SET. Abin da ka gani shi zai raba maka hanya.

Idan fitilar shiri ba ta kawo ba sam, wuta ko saƙo bai kai ba. Ka nufi fiyus, soket da maɓallin kansa. Idan ta kawo amma a kan titi ta ƙi komawa kore, wani makunnin sakewa, na birki ko kuloci ko totur, ne ke riƙe da ita, kuma wannan shi ne mafi yawa. Idan tana kamawa sai ta saki da kanta da an faɗa rami ko an hau gargada, akwai makunnin da ke zaune a bakin gaɓa, ko waya mai motsi a cikin soket.

Ka kuma tabbata kana gwadawa yadda ya dace. Kowace na'ura tana da mafi ƙarancin gudu da giyar da take kamawa. A yawancinsu wajen kilomita 40 zuwa 50 a awa ne, daga giya ta uku ko ta huɗu zuwa sama. Gold Wing 1800 na farko, alal misali, sai a giya ta huɗu ko ta biyar, daga kilomita 48. Akwai kuma baburan da ba sa yarda sai ka taɓa birkin gaba da na baya sau ɗaya bayan kunna makulli, domin ƙwaƙwalwa ta ga makunnan suna aiki. Idan fitilar injin ko ta ABS, mai hana birki kulle ƙafa, tana kunne, na'urar kan ƙi kamawa har sai an magance wannan.

2. Batir da fiyus

Auna batir babur na kashe: bolt 12.5 zuwa 12.8 lafiya ne. Injin na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Duba ko kan batir ya ɗauru sosai idan ka kwance shi lokacin aiki.

Fiyus biyu za ka duba: na kurus, idan babur ɗin yana da shi daban, da na fitilar birki. Na biyun ne ake mantawa. Idan aka yi aiki ba a cire batir ba, waya kan taɓa ƙarfe ta ƙone shi ba tare da an lura ba. Zare shi ka auna da mita, domin ido yana yaudara a kan ƙananan fiyus. Idan ya ƙone, sa mai lambarsa daidai. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da aka danne, ka tsallaka mataki na 6. Kada ka ɗaura masa zaren waya, kada ka sa mai lamba sama da tasa.

3. Fitilar birki

Wannan gwajin minti ɗaya ne, kuma sau da yawa a nan magana ke ƙarewa. Juya bayan babur ya fuskanci bango a inuwa, kunna makulli, ka cire hannu da ƙafa daga birki. Fitilar baya ta kasance da ƙaramin haskenta. Matsa birkin gaba: haske ya ƙaru, ka saki ya ragu nan take. Yi haka da na baya. Idan hasken ba ya canzawa, ka lura da kyau ko a babba ya tsaya. Fitilar birki da ta maƙale a kunne tana kama da fitilar baya ta yau da kullum ga wanda bai saba ba.

Sannan ɗauki yatsa ka tura libar birki gaba, nesa da hannu. Idan fitila ta ragu, liba ba ta komawa mazauninta. Ɗaga fedar baya sama da ƙafa ka gani ko haka ne.

A wasu tsofaffin baburan da ke da akwatin kurus daban, na'urar tana gane an saki birki ne ta zaren ƙwan fitilar baya. Idan ƙwan ya ƙone, ko aka maye shi da LED, sai ta ɗauka ana kan birki. In ka canza ƙwai a rana ɗaya da makunni, mayar da tsohon ƙwan ka gwada.

4. Makunnin da ka canza

Nan ne za a zauna. Ajiye tsohon da sabon gefe da gefe. Ƙirga ƙafafun soket. Auna tsawon ɗan hancin da liba ke dannawa. Duba lambar da ke jikinsu.

Dalilin ƙirga ƙafafu shi ne, a babura da yawa masu kurus, makunnin birki makunni biyu ne a gida ɗaya. Ɗaya a buɗe yake sai ka matsa birki ya rufe, fitila ta kama. Ɗayan a rufe yake sai ka matsa birki ya buɗe, kurus ta saki. An yi shi haka da gangan, domin idan waya ta tsinke na'urar ta ƙi aiki, maimakon ta ci gaba da jan babur alhali ba ta jin birki. To makunnin babur irinsa marar kurus yakan zauna a mazauni ɗaya, sukurunsa ɗaya, amma hanya ɗaya ce a cikinsa. Fitilar birki za ta yi aiki sumul, kurus kuwa ba za ta taɓa kamawa ba. Mai sayar da kaya zai ce maka duk ɗaya ne, kuma a ido haka ne. A wasu baburan, irin Gold Wing 1800, makunnin fitila daban na sakin kurus daban, suna zaune kusa da juna, sai a canza ɗaya a gusar da ɗayan.

Ga yadda ake aunawa. Kashe makulli, zare soket ɗin makunnin, sa mita a wurin ƙara. Ba a auna om da wuta a kan waya. Ɗora bakin mita a ƙafafu biyu-biyu, makunni na ɗaure a mazauninsa, liba a sake. Rubuta waɗanda suka yi ƙara da waɗanda suka yi shiru. Matsa liba ka sake aunawa. Dole kowace hanya ta juya: mai ƙara ta yi shiru, mai shiru ta yi ƙara. A rufe mita ta nuna ƙasa da om 1. Idan kana ganin om 5, 20, ko lamba na hawa da sauka, bakin cikin makunnin bai da kyau ko da jiya aka ɓare shi daga leda. Gwada tsohon da hannu ka kwatanta tsarin. Ko da hanya ɗaya ta mutu a cikinsa, ɗayar za ta nuna maka yadda aka tsara shi.

Yanzu matsa liba a hankali ƙwarai, kunnenka kusa da makunnin. Za ka ji ƙas. Lura da inda liba take lokacin. Ya kamata ta ɗan yi tafiya kaɗan kafin ƙas ɗin, kuma ya zo kafin birki ya fara kamawa. Idan da taɓawa kawai yake ƙas, girgizar titi ma za ta ishe shi, shi ne kurus mai saki a kan gargada. Sassauta sukurun makunnin, matsar da shi wajen liba gwargwadon wasan da ramin ya bari, ka ɗaure. Rabin milimita yana raba aiki da rashin aiki a nan. Kada ka ƙulle sukurun da ƙarfi, gidan roba ne, yana lanƙwashewa ya riƙe hancin.

Masu Harley su lura da wannan. Makunnin birkin gaba yana cikin gidan maɓallan dama, hancinsa na jingine da liba. Kafin a kwance gidan ko a mayar da shi, ana matsa liba a cusa kwalin nan mai kaurin milimita 4 tsakaninta da mazauninta, domin ta janye daga hancin. Wanda ya tsallake wannan yakan karya hancin ko ya yage robarsa yayin ɗaurewa, fitilar birki ta tsaya a kunne. Idan haka ta faru, sai sabon makunni.

Makunnin birkin baya iri biyu ne. Mai sifirin da feda ke ja yana da noti na saiti a jikinsa. Riƙe jikin makunnin ka juya notin. Idan ka juya jikin, wayar ce za ta murɗe ta tsinke daga ciki. Saita shi fitila ta kama dab da birki zai fara riƙewa, kuma sifirin ya ɗan yi sako-sako idan feda na sama. Iri na biyu yana aiki da matsin man birki, ana ɗaura shi a kan layin mai. Ba shi da saiti, kuma duk wanda ya canza shi dole ya fitar da iska daga layin kafin ya hau.

Makunnin kuloci yana da nasa tarko. Babur zai iya tashi a giya idan ka matse kuloci, ka ɗauka makunnin lafiya, alhali hanyar kurus daban ce. A wasu baburan hanyar kurus tana buɗewa da an fara jan liba, ta tayar da injin kuma sai liba ta kai ƙarshe. Auna duka biyun. Ka duba ko an haɗe wayoyinsa tun da can. A baburan da aka shigo da su na hannu ana yawan tarar da wani ya ɗaure wayoyin kuloci biyu domin babur ya riƙa tashi. Ƙwaƙwalwa za ta ga kuloci a matse kullum.

Liba ma abin zargi ce. Libar kasuwa mai saiti, ko wadda ta lanƙwashe a faɗuwa, takan gaza danna hancin har ƙarshe. Garkuwar hannu idan ta juya takan taɓa ƙarshen liba. Ƙusar da liba ke juyawa a kanta idan ta bushe, ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris, liba ba ta komawa da kanta. Zare ƙusar, wanke, shafa giris kaɗan. Idan tsohuwar liba ta kamfani tana nan, mayar da ita ka gwada.

5. Gidan maɓallai da totur

Idan gidan maɓallan ne aka canza, duba ƙasansa. Akwai ɗan tsinin roba ko ƙarfe da ke shiga rami a ƙarfen hannu. Idan bai faɗa raminsa ba aka ɗaure, gidan zai zauna a karkace, ya matse waya ko ya takura totur.

Murɗa totur ka saki, ya koma da kansa da ƙarfi, kan babur na tsakiya, na hagu da na dama. Sannan murɗa shi baya, ya wuce inda yake tsayawa. A nan makunnin sakewa na totur yake. Ya ɗan tafi ya dawo da kansa. Idan robar hannu tana gogar gidan maɓallai ko ƙarfen ƙarshen hannu, za ta riƙe shi a danne. Bar tazara kamar milimita 1 zuwa 2. A babur mai igiyar totur, wasan totur yakan kasance milimita 2 zuwa 6. Igiyar dawowa idan aka ja ta da yawa tana danne makunnin sakewa, sai ka sassauta ta.

Maɓallan kansu, na kunnawa da SET da RES mai mayar da kai gudun da ka bari, ana auna su a soket kamar yadda aka yi wa na birki, da zanen wayarin a hannu. A wasu baburan kowane maɓalli yana ba da om daban a kan waya ɗaya, saboda haka rashin ƙara ba ya nufin ya mutu, duba lambar. A sababbin babura kuma, irin manyan Harley daga 2014, gidan maɓallan ƙaramar kwamfuta ce mai aika saƙo ta wayoyi biyu. Mita ba za ta nuna maka maɓalli ɗaya-ɗaya ba, sai na'urar bincike da ake haɗawa da ƙwaƙwalwar babur. Maɓallin kunna kurus na tsohon Gold Wing 1800 an san shi da maƙalewa saboda giris ya daskare a ciki, wanki yake so. Idan ka buɗe shi, shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, domin sifirinsa ƙanana ne kuma suna tsalle.

Idan kuwa babur ɗin bai zo da kurus ba, ka sayo gidan maɓallai mai ita ka ɗaura, maɓallin kaɗai ba zai isa ba. A irin KTM 790 Adventure sai an buɗe aikin a cikin ƙwaƙwalwar babur da kwamfutar dila.

6. Soket da waya

Zare kowane soket da ka taɓa, haska da tocila. Nemi ƙafar da ta lanƙwashe, ko wadda ta ja baya cikin roba lokacin da aka tura soket. Ja kowace waya a hankali daga baya, wadda ta biyo hannunka ta fita daga makullinta. Koren tsatsa ko danshi, galibi daga wankin babur da ruwa mai ƙarfi, a fesa masa feshin soket a bari ya bushe. Tura soket har ka ji ya kulle. Idan akwai soket biyu masu kama da juna a bayan fitilar gaba, tabbatar ba a musanya su ba, launin wayoyin ɓangare biyu ya dace da zane.

Buɗe gidan maɓallai ka duba bakin da rabi biyun ke haɗuwa. Waya da aka danne tana nuna shaida, fatarta ta baje ko jan ƙarfe ya leƙo. Inda waya ke shiga cikin ƙarfen hannu ma bakin ramin yana yanka. Ɗora mita a wurin ƙara, ka riƙa girgiza damin wayoyi kana juya kan babur hagu da dama. Ƙara ta yanke a wani wuri, nan ne karayar. Gyaran da zai daɗe shi ne a haɗa da dalma a rufe da robar da zafi ke tsukewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba ya jure girgizar babur.

Idan kana son auna bolt soket na haɗe, zura allura ta bayan soket ta taɓa ƙafar. Kada ka huda fatar waya, ruwa zai bi ramin. Kada allurai biyu su taɓa juna.

7. Lambar matsala

Idan ka kunna makulli lokacin da soket ke zare, ƙwaƙwalwa kan ajiye lambar matsala, kuma wasu baburan ba sa sakin kurus sai an goge ta. A Harley ana riƙe maɓallin sauya lissafin tafiya a kunna makulli, allon ya shiga wurin bincike. Sauran galibi sai da na'urar bincike da soket ɗin da ya dace da babur. Abin da ya fi lambar amfani shi ne shafin da ke nuna halin makunnai kai tsaye. Kana matsa liba kana ganin birki ya koma kunne, ka saki ya koma kashe. Wanda ya ƙi canzawa shi ne mai laifi. Rubuta lambobin kafin ka goge. Cire batir ba ya goge su a babura da yawa.

Idan duk makunnai sun nuna daidai, saura sansar gudu da ta giya. Duba ko allon yana nuna giyar da kake ciki daidai, ko allurar gudu tana rawa, ko an taɓa wayar sansar ƙafar gaba lokacin aiki. Daga nan aikin mai wayarin ne da ya san irin babur ɗin kuma yana da na'urarsa.

Gargaɗi a kan haɗe waya: ana iya sa guntuwar waya a soket ɗin hanyar sakewa, babur na tsaye, a ga ko na'urar bincike ta canza, domin a tabbatar da zargi. A cire ta nan take. Kada a hau titi da ita. Babur mai nauyin kilo 300 zuwa 400 da injinsa ke ci gaba da ja kana kan birki ba abin gwaji ba ne.

8. Gwajin titi

Kada ka gwada a kan jak na tsakiya ƙafar baya na juyawa a iska. Ƙafar gaba a tsaye take, ABS zai ga saɓani ya kawo fitila, kuma injin da ba kaya a kansa yana iya ɗaukar wuta fiye da kima.

Nemi miƙaƙƙen titi marar cunkoso, busasshe, da rana. Taɓa birki biyu kafin ka tashi. Kai kilomita 60 zuwa 70 a giya ta sama, danna SET, yatsu biyu na kan birki. Idan ta ƙi, tura libar birki gaba da yatsa ka sake dannawa. Sannan libar kuloci. Sannan ɗaga fedar baya da kan takalmi. Wanda ka tura ta kama, koma gida ka saita shi.

Idan ta kama, gwada hanyoyin sakewa ɗaya bayan ɗaya, kana sake kamawa tsakaninsu: birkin gaba, birkin baya, kuloci, murɗa totur baya, sai maɓallin kashewa. Kowanne ya saki nan take da taɓawa kaɗan. Gwada RES ya mayar da kai gudun da ka bari, da ƙari da ragi. Sannan bi ta wuri mai ɗan gargada ka ga ko za ta riƙe. Idan hanyar sakewa ɗaya ta ƙi aiki, kashe kurus daga maɓallinta, kada ka sake kunna ta sai an gyara wannan makunnin, ka koma mataki na 4 da mita.